Kafin Gara Ta Cinye Sunayensu



Duk wanda ya taɓa zama zai rubuta tarihin gidansu ya san inda gizo ke saƙa, wato wajen shekara. Tsofaffinmu ba sa cewa 1914, sai dai su ce shekarar yunwar Kakalaba. Su ce an haifi wane bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, wance kuma ta yi aure kafin zuwan Sarauniya. Wannan lissafi yana da amfani, amma da ka wuce kakan kaka sai hanya ta ɓace. Alhali kuwa akwai wata taska ta sunaye da ranaku da muke wucewa ta gefenta kullum ba mu kula ba: littattafan binne mamata da ke ajiye a tsofaffin coci-coci, da rubutun da ke kan kaburburan Kirista na zamanin Turawa. Ra'ayina shi ne, marubucin Hausa, Musulmi ne ko Kirista, ya kamata ya ɗauki nemo waɗannan rubuce-rubuce da kwafe su a matsayin aikinsa, kuma ya yi shi yanzu, don ba za su jira mu ba.

Na san abin da wani zai fara cewa: ina ruwanmu da kabarin Nasara? Tambayar tana da tushe. In ka shiga tsohuwar maƙabartar Turawa ta Lakwaja, garin da Lugga ya kafa tutar mulkin Ingila a ranar 1 ga Janairu 1900, ko ta Zungeru inda hedikwatar Arewa ta zauna kafin a dawo da ita Kaduna, sunayen da za ka fi gani na sojoji ne da jami'an mulki da 'yan kasuwa daga Ingila. A Miyango, kusa da Jos, akwai maƙabartar 'yan mishan na SIM, har da ƙananan kaburburan 'ya'yansu. Waɗannan mutane danginsu na ƙasashen waje suna da hanyar neman labarinsu. Amma wanda ya tsaya a nan ya ce shi ke nan, ya ga bakin tulu ne bai leƙa ciki ba.

Mu ɗauki Wusasa. Likita Mila ya shigo ƙasar Hausa a 1900 cikin ayarin Bishop Tugwel na mishan ɗin CMS, Sarkin Kano Alu ya sallame su, daga baya Mila ya zauna a birnin Zariya a 1905, sannan aka mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929. Waɗanda suka taru a wurin Hausawa ne da Fulani da sauran 'yan Arewa. Cikinsu akwai zuriyar Isawa, mabiyan wani malamin Kano da aka kashe a ƙarni na 19, waɗanda suka watsu har wajen Ningi, suka nemi Mila wajen 1913, aka kafa musu gari a Gimi, ciwon barci ya zo ya yi musu mummunan ta'adi. Daga wannan ƙaramar al'umma aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Daga cikinta aka sami Farfesa Ishaya Audu, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. A nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. Mu marubuta ma muna da namu a can: John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. To wa zai ce matattun Gimi da Wusasa ba namu ba ne?

Ba Wusasa kaɗai ba. Gwamnatin Turawa ta buɗe gidan 'yantattun bayi a Zungeru, a 1909 kuma aka miƙa yaran ga mishan ɗin SUM a Rumasha da ke bakin Binuwai. Yara ne da aka ƙwato daga hannun fataken bayi, da yawansu ba su san garin iyayensu ba. A shekarun 1930 mishan ɗin SIM ya karɓi kula da matsugunan masu cutar kuturta a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Ga Sabon Garin Kano da na Zariya, inda akawuna da ma'aikatan reluwe daga Ikko da Saliyo da Gwalkwas suka rayu suka mutu, wasu suka auri 'yan ƙasa. Ga ma'aikatan haƙar kuza a Jos da Bukuru. Ga Fatigi, da Garkida, da Numan. Bawa da kuturu da lebura ba su da maroƙi, ba a saka su a jerin sarakuna. Sau da yawa layi ɗaya a littafin coci shi ne kaɗai shaidar cewa sun taɓa zuwa duniya.

Akwai kuma wani dalili da ya shafi Musulmin cikinmu kai tsaye. A al'adar Musulmin ƙasar Hausa ba a saba rubuta suna a kabari ba, ana sa itace ne ko fasasshen tulu a matsayin alama, kuma wannan yana da dalilinsa na addini da ba shi muke tattaunawa ba. Sakamakon dai shi ne, rubutacciyar ranar mutuwar talaka a 1918 ko 1932 abu ne mai wuyar samu. Amma gidaje nawa ne a Zariya, ko kudancin Bauchi, ko Adamawa, da wa ya zauna a Musulunci, ƙane ya shiga coci? In ka sami ranar da aka binne ƙanen, da shekarunsa, da sunan mahaifinsa a littafin baftisma, ka sami turken da za ka ɗaure lissafin gidan gaba ɗaya. Kuma in ka ga shafin ƙarshen 1918 ya cika maƙil da sunaye cikin 'yan makonni, ka ga annobar murar da ta ratsa duniya a shekarar da idonka, a garinku. Gani ya kori ji.

To ta ina ake farawa? Daga gida. Ka zauna da tsofaffi ka rubuta duk sunayen da ake kiran mamacin da su: na yanka, na wasa, da wanda ya ɗauka ranar baftisma. Ka tambayi wace ɗariƙa yake bi, domin kowace mishan da magajiyarta. Abin da SIM ta bari yana hannun ECWA, na reshen Ingila na SUM yana hannun COCIN, dukansu hedikwatarsu a Jos. Na mishan ɗin Garkida yana hannun EYN, na Numan yana hannun cocin Lutaran, na CMS kuma yana hannun Angilikan. Katolika suna da nasu, kuma sun shahara da riƙon rajista. Daga nan sai ka je wurin fasto ko fada ko sakataren ikilisiya, ka gabatar da kanka da ladabi, ka nemi ganin littattafai uku: na baftisma, na aure, da na binnewa. Kar ka tsaya kan na binnewa kaɗai. Shi yawanci suna ne, da unguwa, da rana, da shekaru, da sa hannun wanda ya yi addu'a. Na baftisma ne ke kawo iyaye da waɗanda suka tsaya wa mutum, na aure kuma ya kawo sana'a da shaidu. In ƙaramin coci ne na ƙauye, ka tambayi uwar cocin da ke kula da shi a da, don a can ake ajiye littafi. Kuma kar ka raina tsofaffin Zumuntar Mata. Su suka yi wa gawa wanka, su suka yi zaman makoki, su suka san wane ne ke kwance a ƙarƙashin wace bishiya.

In an gama da coci, akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin larduna suke, da kuma Arewa House. Takardun CMS na asali suna Jami'ar Bamingam a Ingila, na SIM suna Amurka, kuma wasiƙun 'yan mishan sukan ambaci mutuwar almajiransu da masu yi musu hidima da suna. Wanda kakansa ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta sa jerin sunayenta a intanet kyauta, da wayarka ma za ka iya dubawa.

Amma a nan dole in ja kunnenmu, domin rubutu ba wahayi ba ne. Abu na farko, dutse na mai hali ne. Bature ya sami marmara da aka yo oda daga ƙasarsu, akawu ya sami siminti, talaka kuwa gicciyen katako aka kafa masa, wanda damina biyu da gara suka gama da shi. Wanda ya ƙirga duwatsu ya ce su ne adadin matattu, ya maimaita rashin adalcin wancan zamani ne da alƙalaminsa. Ita kanta hukumar kaburburan yaƙin ta amsa a 2021 cewa sojojin Afirka da yawa na yaƙin duniya na farko ba a rubuta sunayensu kamar yadda aka rubuta na Turawa ba. Na biyu, shekarun da ke rubuce yawanci kintace ne. Mutumin da ba a rubuta ranar haihuwarsa ba, fasto ya dubi furfurarsa ya rubuta sittin. Na uku, rubutun suna. Kafin a tsayar da haruffa masu ƙugiya a shekarun 1930, kowane Bature yadda kunnensa ya ji yake rubutawa. Ciroma zai zama Chiroma, Ɗanladi ya rasa ƙugiyarsa, Audu ya fito da fuska uku a littafi ɗaya. Wani lokaci ma sunan ubangidan da ya riƙe yaro ake liƙa masa a madadin na mahaifinsa. Saboda haka in littafi ya saɓa da maganar kakarka, kar ka yi saurin ƙaryata ta. Ka rubuta duka biyun, ka faɗi inda kowanne ya fito.

A maƙabarta kuma akwai ladabi. Ba a shiga sai da izinin masu wurin, kuma gara ka tafi da ɗan ikilisiyar. Ka je da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da rana ke bugun dutse ta gefe, haruffan da suka shafe sai su fito. Ruwa da tsumma mai laushi sun isa, kar ka goge da buroshin ƙarfe ko omo, za ka cire abin da ka zo karantawa. Ka ɗauki hoton dutsen gaba ɗaya, da na rubutun kusa, da na inda yake tsakanin maƙwabtansa, don miji da mata da 'ya'ya sukan kwanta kusa da juna. Ka kwafe rubutun harafi da harafi, har da kuskurensa, inda bai karantu ba ka bar gurbi, kar ka cike da zato. In ka gama, ka ba cocin kwafi ɗaya. Wanda ya ɗebi ruwa a rijiya ba ya tafiya da guga.

Sai magana mafi nauyi: abin da ka gano ba duka ne na bugawa ba. Za ka iya cin karo da shaidar cewa kakan wani babban gida bawa ne da aka 'yanta, ko ya mutu a matsugunin kutare, ko ya sauya addini alhali jikokinsa ba su sani ba. A ƙasarmu irin wannan bayani yana fasa aure, yana taɓa sarauta, yana iya jawo abin da ya fi haka. Ka fara kai wa dangin, ka ji ta bakinsu. In labari za ka ƙaga daga ciki, ka sauya suna da gari. Samun masu danna maka alamar yabo a Facebook bai kai mutuncin gidan mutane ba.

Me ya sa nake cewa yanzu? Domin takarda ba ta da ƙarfin jure abin da muke gani. Gara tana ci, rufin kwano yana yoyo, a sauya fasto a kwashe tsofaffin littattafai a zuba a sito. Gari yana faɗaɗa, masu filaye suna cin gefen maƙabartu, na Musulmi da na Kirista duka. Ga rikice-rikicen da suka ƙone wuraren ibada a Kafanchan da Zariya a 1987, Kaduna a 2000, Jos a 2001. A 2014 Boko Haram ta mamaye hedikwatar EYN da ke Kwarhi kusa da Mubi. Ana iya sake gina coci, amma littafin 1925 in ya ƙone ba shi da na biyu. Tsofaffin da za su fassara mana sunayen kuwa kullum raguwa suke.

Kullum a zauren nan muna kukan cewa labaranmu sun zama iri ɗaya, soyayyar ɗan mai kuɗi da 'yar talaka, kishiya da boka. Ga yarinyar da aka ƙwato daga ayarin bayi aka raɗa mata sunan da ba ta taɓa ji ba. Ga malamin Isawa da ya binne 'ya'yansa a Gimi. Ga 'yan uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya a maƙabartar bayan ganuwa, ɗaya a bayan coci. Ba sai mun aro daga fim ɗin Indiya ba.

Shawarata ga zaure ita ce, kowa ya duba tsohon cocin da ya fi kusa da shi, wanda aka gina kafin 1960, ya je ya yi tambaya ɗaya: ina littattafanku na farko suke, kuma a wane hali? Ku kawo mana amsa a nan, sunan gari da shekarar da littafin ya fara kawai, ban da sunayen mutane. In muka haɗa ashirin, mun san inda za a fara kai ɗauki.

Allah ya jiƙan magabata, ya ba mu ikon riƙe amanarsu. Sai mako mai zuwa.