Kiɗan Finafinan Sararin Samaniya Ya Cancanci Numfashin Mabusa

A sararin samaniya babu iska, inda kuwa babu iska babu sauti. Duk ɗalibin da ya zauna ajin ilimin furuci ya san haka, domin tun a darasin farko ake faɗa masa cewa sauti girgiza ce da ke buƙatar abin da zai ɗauke ta zuwa kunne. Amma abin mamaki, finafinan almarar kimiyya, waɗanda labarinsu ke gudana tsakanin taurari, suna cikin waɗanda suka fi cika kunne da kiɗa, kuma kaso mai tsoka na kiɗan daga kayan busa yake fitowa, kayan da ba sa magana sai da iska. Ra'ayina shi ne wannan kiɗa ya cancanci saurare irin wanda muke yi wa harshe, kuma ƙungiyoyin mabusa da ke busa shi a makarantu da jami'o'in Amurka da Turai ba asarar numfashi suke yi ba, ko da yake wasu masana kiɗa haka suke gani.

Bari mu soma da matsalar da mai tsara kiɗan yake fuskanta. Wanda aka ba shi fim na yaƙi ko na biki yana da abin koyi, don ya taɓa jin gangar yaƙi da guɗar biki. Wanda aka ce ya tsara kiɗan baƙon halitta daga wata duniya kuwa ba shi da abin da zai kwaikwaya, tilas ya ƙago. A shekarar 1951, Bernard Herrmann ya yi amfani da teremin a fim ɗin The Day the Earth Stood Still. Teremin kayan kiɗa ne na lantarki da aka ƙirƙiro a Rasha wajajen 1920, ana kaɗa shi da motsa hannu a iska ba tare da an taɓa shi ba, kukansa kuma kamar na mai rawar murya. Babu wata dangantaka ta asali tsakanin wannan kuka da jirgin baƙi, amma bayan ƴan shekaru, da zarar masu kallo sun ji shi sai su ɗaga kai sama. Haka aka yi da mabuɗin kiɗan da Richard Strauss ya tsara a 1896 don siffanta fitowar rana. Da Stanley Kubrick ya saka shi a fim ɗin 2001: A Space Odyssey a 1968, sai ma'anarsa ta yi ƙaura, yau mutane da yawa ba sa jin komai cikinsa sai faɗin samaniya. Wanda ya karanta Ferdinand de Saussure zai gane abin nan take: alaƙar sauti da ma'ana yarjejeniya ce ta jama'a. A harshe, sauyin ma'ana yakan ɗauki ƙarnuka kafin a lura da shi. A sinima muna iya nuna shekarar da ya faru da wanda ya jawo shi.

A 1977 John Williams ya ɗauki wata hanyar. Ya bar na'urorin lantarki, ya tsara kiɗan Star Wars don babbar ƙungiyar makaɗa ta birnin Landan, ya kuma farfaɗo da dabarar da Richard Wagner ya shahara da ita a Jamus a ƙarni na 19, wato a ba kowane mutum ko wani tunani ɗan gajeren kiɗa nasa na kansa. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin sunan abin a wurinmu take. Idan aka busa kakaki a ƙofar fada a Damagaram ko a Tsibirin Gobir, mutanen gari sun san wanda ake nufi tun ba su gan shi ba. Bambancin shi ne, kakaki da algaita suna bin karin sautin kalmomin Hausa, akwai magana a ƙarƙashin busar. Taken da Williams ya ba Darth Vader a 1980 kuwa ba shi da kalma ko ɗaya a bayansa. Mai kallo yana koyon ma'anarsa ne kamar yadda yaro ke koyon kalma, ta hanyar jin sa sau da yawa tare da ganin abin da yake rakiya. Daga nan mai tsarawa yana iya sarrafa shi: ya rage masa sauri, ya sauya masa kayan busa, ya sassauta shi har ya koma abin tausayi. Tushe ɗaya ne, sigogi daban-daban, kamar dai yadda aikatau ke sauya giredi.

A waccan shekara ta 1977 ne Steven Spielberg ya fitar da Close Encounters of the Third Kind, shi ma da kiɗan Williams, kuma a nan kiɗa ya zama harshe a cikin labarin kansa. Masana, ƙarƙashin jagorancin wani Bafaranshe wanda François Truffaut ya fito a matsayinsa, suna gaisawa da jirgin baƙi da sauti biyar kacal. Jirgin ya maimaita, sa'an nan ya ƙara nasa, zance ya yi tsawo. Muryar jirgin nan, mai nauyi kamar rurin sa, da tuba aka busa ta, wato mafi girma cikin ƙahonnin tagulla. A lura da wannan: da aka tashi ba wa halittar da ba ta san iskar duniya ba murya, huhun ɗan Adam aka nema.

To, me ake nufi da ƙungiyar mabusa, kuma mene ne abin gardama? Ƙungiya ce ta masu sarewa da kilarinet da saksofon da ƙahonni manya da ƙanana, tare da masu ganguna, babu jerin masu goge irin na babbar ƙungiyar makaɗa. Asalinta badujalar sojoji ce da ta gari. A 1952 Frederick Fennell ya kafa wata irinta a makarantar kiɗa ta Eastman da ke Rochester a Amurka, da nufin fitar da ita daga fagen fareti zuwa zauren saurare, inda galibi mabushi ɗaya ke riƙe da layi ɗaya, kuma a riƙa tsara mata kiɗa nata na kanta. Masu bin wannan tafarki da tsanani suna da ƙorafi biyu a kan kiɗan fim. Na farko, sun ce bawan hoto ne, in aka raba shi da allo sai ya zama miya ba tuwo. Na biyu, sun ce da goge aka tsara shi, mayar da shi busa zalla rage masa daraja ne.

Ƙorafin farko yana da ƙamshin gaskiya, domin akwai kiɗan fim da ba shi da aiki sai razana mai kallo a daidai lokacin da ƙofa ta buɗe. Amma ba a auna gona da ciyawarta. Mai shakka ya saurari wurin da Luke yake tsaye yana kallon rana biyu suna faɗuwa: ƙaho ɗaya tilo ya ɗauko take a hankali, kafin sauran makaɗa su karɓa. A rufe ido ma, kewar tana nan. Ƙorafi na biyu kuwa tsohuwar gardamar fassara ce da muka saba da ita a sashenmu. Babu fassarar da ba ta zubar da wani abu, kuma babu ta ƙwarai da ba ta tono wani abu. Donald Hunsberger, wanda ya daɗe yana jagorantar ƙungiyar Eastman ɗin kanta, ya mayar da kiɗan Star Wars na mabusa, kuma ana busa aikinsa har yau. Sa'an nan masu cewa Williams ya ɗebo daga Gustav Holst su tuna cewa Holst ɗin nan tun 1909 ya tsara kiɗa don badujalar soja. Ruwan ya koma rijiyar da aka ɗebo shi ne.

Hujjata mafi ƙarfi ita ce abin da busa ke koya wa mabushi. Mai kallo yana haɗiye kiɗa dunƙule. Mai kilarinet da ke zaune a layi na uku kuwa yana ganin sassansa: yana ƙirga shiru na tsawon lokaci, ya shigo da sauti huɗu, ya sake yin shiru, kuma in ya makara da ƙiftawar ido jimlar ta karye. Goge yana iya jan sauti ba iyaka, mabushi kuwa dole ya shaƙa, saboda haka tilas ya yanke shawarar inda jimla take ƙarewa, kamar mai karatu a bainar jama'a da ke neman waƙafi. Mai algaita yana warware wannan matsala shi kaɗai, da tara iska a kumatu yana shaƙa ta hanci. A ƙungiyar mabusa, jama'a ke warware ta: kowa ya shaƙa a lokaci dabam, maƙwabcinsa ya rufa masa, sai mai saurare ya ji sauti guda ba yankewa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya taɓa wannan aiki ba zai sake ɗaukar kiɗan fim a matsayin ƙarar da ke bayan hoto ba.

Akwai dai haɗari guda da ya kamata a faɗa. Ƙungiyar da ta mayar da kiɗan fim abincinta na kullum don neman tafi, tana tsinto gutsattsarin takkuna tana jerawa, ta yi kama da mai haddace karin magana ba tare da ya iya zance ba. Maganin haka shi ne a zaɓi aiki cikakke, a busa shi kusa da na Holst da ire-irensa, a bar kunne ya yi hukunci.

Mu kuma ɗaliban kimiyyar harshe, ko ba mu taɓa riƙe ƙaho ba, akwai aikin da za mu iya yi. A zaɓi fim ɗaya cikin waɗanda aka ambata, a rubuta kowane wuri da wani take ya fito, da kayan da aka busa shi da su, da abin da ke kan allo a lokacin. Wannan tattara bayanai ne irin wanda muke yi wa kalma. Wanda ya yi haka zai ga yadda sauti maras ma'ana yake samun ma'ana cikin sa'o'i biyu, tambayar da fanninmu ya daɗe yana bibiya.