Ina Daraktocin Suke Lokacin Da Ake Wawure Bankunan?

Ranar 14 ga Agusta, 2009, Gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya kori shugabannin bankuna biyar a rana guda: Oceanic, Intercontinental, Union, Afribank da Finbank. Aka ɗebi Naira biliyan 420 aka zuba masu don kar su rushe. Ba a yi wata biyu ba aka ƙara biliyan 200 ga wasu bankunan. 'Yan jarida suka yi ta tafi, wai an kama ɓarayi.

To amma jama'a, shin mutum ɗaya ne ke tafiyar da banki? Kowane ɗaya daga cikin bankunan nan yana da hukumar daraktoci. Dattawa ne masu manyan riguna da sarautu, waɗanda aka ɗora don su tsare amanar masu ajiya da masu hannun jari, su ce wa shugaba "a'a" in ya miƙa hannu inda bai kamata ba. A kan wannan aikin ake biyan su alawus ɗin zama. Akwai kuma kamfanonin binciken kuɗi da ke sa hannu duk shekara cewa lissafi ya yi daidai. Ina duk suke lokacin da ake ba 'yan uwa da abokai bashin biliyoyi ba jingina? Ina suke lokacin da banki ke ba da rance a sayi hannun jarinsa don farashi ya kumbura?

Ko dai sun sani suka yi shiru, ko kuma ba su sani ba alhali albashin sani suke ci. Su zaɓi ɗaya, kowanne cin amana ne. Ai ɓarawo ba ya fita da buhu ta ƙofar da mai gadi ke tsaye sai in an raba da shi ko yana barci.

A Oktoban 2010 Cecilia Ibru ta Oceanic ta amsa laifi a kotu. Aka ƙwace mata dukiya ta kusan Naira biliyan 191, aka yanke mata wata shida. Wata shida! Wanda ya saci akuya a ƙauye ya san abin da zai tarar.

Wa ya biya? Malamin makaranta da ɗan fansho da suka bi layi a 2007 suka sayi hannun jari da guminsu. A 2011 gwamnati ta karɓe Afribank da Bank PHB da Spring Bank, takardun hannunsu suka zama na ƙunshe ƙosai. Gurɓatattun basussukan kuma aka jibge wa AMCON da aka kafa a 2010, aka ɗora wa bankuna harajin shekara-shekara don cike ramin. Mai karatu, daga aljihun wa kake zaton banki ke fanshe wannan harajin?