Tun a Aji Muka Hana Shi Biza

Wani dattijo da ke gadin gida a Koira Kano ya tare ni a bakin ƙofar da yake tsaro, ya miƙo mini wasiƙa shafi biyu, ya ce: "Malam, duba mini wannan. An ce in kawo miliyan ɗaya da rabi a ɗaukaka ƙara, ni kuwa gonar gado kaɗai ta rage mini." Na san ɗansa sarai, don ni na koyar da shi a ajin CM2. Yau ƙwararren mai walda ne. Wani kamfani a lardin New Brunswick na Kanada ya ba shi aiki, ya kuma tsaya masa don ya samu takardar zaman dindindin a ƙarƙashin shirin da lardunan gabar tekun Atlantika ke ɗaukar ma'aikata da shi. Komai ya tafi daidai har zuwa matakin ƙarshe, sai aka ƙi.

Na zauna a kan bencinsa na karanta wasiƙar sau biyu. Ba wanda ya yi shakkar ƙwarewar yaron, ba a kuma ce kamfanin na bogi ba ne. Abin da aka ce shi ne, shekarar haihuwar da ke cikin fasfonsa ta saɓa da wadda ke kan takardun karatunsa da shekara biyu, sunansa ya zo da rubutu iri uku, an aika masa wasiƙa tun da farko ya yi bayani, bai amsa ba. Wasiƙar can ta faɗa akwatin imel na dillalin da ya cika masa takardun, ta kwana a ciki har wa'adi ya wuce. Dillalin nan kuma shi ne yake neman kuɗin ɗaukaka ƙara.

Zan faɗi abin da ba za a so ji ba: wannan biza mu muka hana ta, malamai da iyaye, tun yaron yana zaune a kan benci da allonsa.

Mu daina munafuntar juna. Wane malami ne a ƙasar nan bai san yadda ake rage wa yaro shekaru ba? An haife shi a ƙauye, ba a kai sunansa wurin rajista ba. Ya shiga makaranta a makare. Jarrabawa ta matso, sai a ga shekarunsa sun yi yawa, uba ya zo, darakta ya ba da shawara, a je a yanko takardar haihuwa ta kotu da sabuwar shekara. Bayan wasu shekaru takardar ta ɓace ko gara ta cinye ta, a sake yanko wata a wani gari, da wata shekarar dabam. Suna kuwa kowane marubuci da nasa hannun: wannan ya rubuta Mahamadou, wancan Mamane, na uku Mohamed. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, kowa ya san shi a unguwa. Jami'in da ke duba takardunsa a kwamfuta mutum uku yake gani, kuma ba shi da wata hanyar sanin wanne ne na gaskiya. Ni ma na taɓa cika rajista na rubuta suna yadda na ji shi a kunne, ban nemi takarda ba. Ban cire kaina daga laifin ba.

Muna kiran wannan taimako, a dokar shige da fice ta Kanada kuwa sunansa ba da bayanin ƙarya, kuma sashe na 40 na dokar ya tanadi hana mutum shiga ƙasar har shekara 5 idan aka tabbatar da shi a kansa. Yaron bai san lokacin da aka yi masa wannan taimako ba, yana ɗan shekara goma sha biyu ko goma sha huɗu, ya danganta da takardar da ka duba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, sai dai a nan wanda ya faɗa ciki ba shi ya haƙa ba.

Sai maganar ɗaukaka ƙarar da ake son dattijo ya sayar da gona dominta. Iyaye, ku san abin da ake sayar muku. A Kanada, hukumar sauraren ƙararrakin shige da fice tana karɓar ƙarar ɗan ƙasa ko mazaunin dindindin da aka hana shi kawo matarsa ko ƴaƴansa. Ma'aikacin da aka ƙi ba shi zaman dindindin ba shi da wannan ƙofa. Abin da ya rage masa shi ne Kotun Tarayya, kuma sai ya fara neman izinin kotun ta saurare shi, cikin kwana 60 idan yana wajen ƙasar, kwana 15 idan yana ciki. Alƙali ba ya ba da biza. Yana duba ko jami'i ya bi doka ya kuma yi adalci bisa takardun da ke gabansa ranar da ya yanke hukunci. Sabuwar takardar da ka gyara bayan an ƙi ka, galibi ba a karɓarta. Idan ka yi nasara, iyakar abin da za ka samu shi ne a mayar da fayil ɗinka ga wani jami'in ya sake dubawa. Sannan a harkar shige da fice ta Kanada, ba wanda doka ta yarda ya karɓi kuɗi ya wakilce ka sai lauya mai rajista a can, ko notaire na Quebec, ko mashawarcin da ke cikin rajistar hukumar da ke kula da su, kuma ana iya duba sunansa a intanet kyauta. A kotu kuwa sai lauya. Mai shagon buga takardu a Yamai ba ya cikin ko ɗaya. To miliyan ɗaya da rabi ina za ta?

Sauran ƙasashen ma haka suke, ko su fi tsauri. Wanda Faransa ta hana bizar dogon zama yana da kwana 30 kacal ya rubuta wa kwamitin da ke birnin Nantes, kafin ya samu damar zuwa kotun gudanarwa ta garin. A Amurka, idan jami'in ofishin jakadanci ya ƙi, kusan babu kotun da za ta taɓa hukuncinsa, kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta sake jaddada haka a watan Yunin 2024. A duk wuraren nan kwanaki ake ƙirgawa, ana gwada wannan takarda da waccan. Roƙo da kamun ƙafa da "na san wani a ciki" ba su da gurbi.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta a ɗakin malamai. Za a ce ko takardunmu sun yi tsaf, ba son mu suke yi ba. Akwai gaskiya a ciki. Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairun 2024. Amurka ta dakatar da ba da biza a Yamai a Yulin 2025. Ƙofofi suna rufuwa, kuma ba laifin malamin CI ba ne. Amma wannan hujja tana bayana ne, ba ta gabana. Idan mai gida yana neman dalilin korarka, ai ba kai za ka miƙa masa shi da hannunka ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wasu kuma za su ce gara da aka hana shi, ya zauna ya gina ƙasarsa. Ni ma ina son masu waldarmu da malaman jinyarmu su zauna. Sai dai wanda ya zauna don ya zaɓa dabam yake da wanda ya zauna don mun ɓata masa takarda. Kuma takardar da ta kayar da shi a waje ita ce za ta kayar da shi a gida: ranar gasar shiga aikin gwamnati, ranar buɗe asusu a banki, ranar rabon gado, ranar da zai nemi kuɗin ritaya a ce masa sauransa shekara biyu.

Gyaran ba ya bukatar miliyan. Dokar rajistar jama'a ta 2019 ta ba iyaye kwana 60 su kai sunan jariri. Kwana 60 a farkon rayuwa, ba ka biyan lauya; kwana 60 a gaban kotun wata ƙasa, da kuɗin gona. Uba, ka zaɓi rubutu ɗaya na sunan ɗanka, ka riƙe shi, ka duba kowace takarda harafi bayan harafi kafin ka bar ofis. Malami, kada ka rubuta suna daga baki, ka kwafe shi daga takardar haihuwa. Darakta, idan an zo maka da maganar rage shekaru, ka ce a'a, ko da mai roƙon surukinka ne. Kafin a tura sunayen masu BEPC, a kira iyaye su gwada jerin da takardunsu. Sannan mu koya wa manyan ɗalibai karanta wasiƙar hukuma: wa ya aiko, me ake nema, zuwa yaushe. Darasin awa ɗaya ne, ya fi musu amfani da yawan abin da muke sa su haddacewa.

Dattijon na gaya masa kada ya sayar da gonar, kuma kada ya sake taka ƙofar dillalin. Mun ƙirga kwanakin tare daga ranar da wasiƙar ta iso, yaron ya rubuta wa kamfanin ya nemi su haɗa shi da lauya na gaske, wanda zai gaya masa ko zuwa kotu ya dace, ko gyara takardun a kotun gida a sake nema daga farko. Da zan tafi ya ce: "Malam, ai ni taimakonsa na yi." Na ce: "Baba, tare muka yi." Gobe Litinin akwai rajistar aji a kan teburina, suna sittin da bakwai. Zan nemi takardar haihuwar kowane ɗaya.