Kafin A Miƙa Makulli, Wa Ya Duba Gidan?



Duk lokacin da aka ce za a raba wa talakawa gidaje, hoto ɗaya muke gani: an yanke zare, an miƙa makulli, an tafa, kowa ya watse. Ba mu cika tambaya ba ko kafin wannan biki akwai wanda ya shiga ɗakin ya ɗaga kai ya dubi rufi, ko ya leƙa shadda, ko ya ɗanɗana ruwan rijiya. Ra'ayinmu a nan shi ne, kada a saka kowa a gidan da hukuma ta gina, ko ta gyara, ko ta mallaka, sai gidan ya cika wasu sharuɗɗa rubutattu da mai bayarwa da mai karɓa duk suka sani.

Mu ɗauki Tsaskiya, mazaɓa a ƙaramar hukumar Safana, wadda ita da Batsari suke bakin dajin Rugu. Shekarun da 'yan bindiga suka addabi wannan yanki sun tashi ƙauyuka da dama. Ba a manta da Tsauwa da Dankar na Batsari ba, inda aka kashe mutane aka ƙone gidaje a Fabrairun 2020. Jama'a sun gudu zuwa garin Batsari da Dutsinma da Katsina. Bayan sulhun da aka yi a Batsari da Safana a 2025, wasu sun fara komawa. Tun kafin nan, a 2024, gwamnatin jiha da hukumar UNDP suka ƙaddamar da ginin gidaje 152 a Jibiya domin waɗanda rikici ya raba da muhallinsu. Ke nan maganar tsugunar da mutane tana gabanmu, haka nan maganar mayar da malamai da ma'aikatan lafiya kwatas ɗinsu da suka daɗe a rufe.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san gida ba ya son zama babu kowa. Ginin ƙasa yana buƙatar yaɓe kafin kowace damina. Idan indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, sai azara ta jiƙe ta ruɓe daga ciki, waje kuwa lafiya lau. Gara tana cinye katakon da ke riƙe da kwano, jemagu su cika silin da kashi, macizai su samu maɓoya. Bangon da wuta ta lasa yana iya tsayawa shekara biyu, sai ruwan Agusta ya kayar da shi cikin dare a kan masu barci. Ginin bulo ma bai tsira ba, domin tsagewar da ta fara kamar zare ita ce ke raba kusurwa biyu. Fenti yana rufe duk waɗannan, shi ya sa gidan da aka yi wa fenti jiya ya fi buƙatar a duba shi da kyau.

Sharuɗɗan da muke nufi ba su fi shafi ɗaya ba. Na farko rufi: a zuba masa ruwa a gani ko yana yoyo, a ƙwanƙwasa azara ko katako a ji ko gara ta shiga. Na biyu bango da tushe: duk tsagewar da yatsa zai shiga a gyara ta, ba a shafe ta ba. Na uku shadda: ta kasance da murfi mai ƙarfi da yaro ba zai rufta ba, kuma tsakaninta da rijiya a samu aƙalla mita 30, kamar yadda ƙa'idojin ayyukan agaji na duniya suka tanada. Na huɗu ruwa: rijiyar da ta shekara babu mai ɗiba a yashe ta a zuba mata magani kafin a sha. Na biyar ƙyaure da sakata da katanga, domin matar da aka kashe mijinta ba za ta runtsa a ɗakin da ba ya kulluwa ba. Na shida taga da magudanar ruwa, saboda iska ta ratsa, danshi kuma kada ya zauna.

Masu dubawa ma muna da su. Kowace ƙaramar hukuma tana da sashen ayyuka da jami'an duba-gari. A haɗa su da magini na garin, da mai unguwa, da wanda zai shiga gidan ko wakilinsa. Su zagaya tare, su sa hannu, a ba mai shiga kwafi, a ajiye wani a ofishin hakimi, wato Yariman Katsina a Safana ko Sarkin Ruma a Batsari. A kuma rubuta cewa duk abin da ya lalace cikin damina ta farko ɗan kwangila ne zai gyara, a riƙe wani kaso na kuɗinsa har damina ta wuce.

Mun san abin da za a ce. Wanda ya shekara yana kwana a ajin firamare ko a kango ba ya zaɓen gida, kuma kyauta ba a raina ta. Za a ƙara da cewa kuɗi ba su isa ba, jinkiri kuma zai hana mutane kama noma. Akwai gaskiya a ciki. Amma wannan rashin zaɓin shi ne babban dalilin kafa ƙa'ida. Mai kuɗi idan ya ga gida bai yi masa ba sai ya wuce gaba. Wanda ya rasa shanunsa da rumbunsa ba shi da bakin magana, ba shi da kuɗin kafinta, kunya ma ba za ta bar shi ya yi ƙorafi a kan abin da aka ba shi ba. Gyaran rufi kafin a shiga aikin kwana biyu ne. Bayan an shiga kuwa, sai hatsi ya jiƙe, katifa ta ruɓe, yaro ya kamu da tari. Ko a kasuwa addini ya hana ɓoye aibin kaya, balle ɗakin da iyali za su kwana.

Tarihi ya nuna mana ɓangarorin biyu. Gidajen lokos na zamanin Shagari, tsakanin 1979 da 1983, da yawansu an gina su nesa da gari babu ruwa babu hanya, suka daɗe babu mai shiga. A Ngarannam ta ƙaramar hukumar Mafa a Borno kuwa, da aka sake gina garin aka buɗe shi a 2022, mai zanen, Tosin Oshinowo, ta zauna da mutanen tukuna, har ta saka wa gidajen zaure saboda haka suka saba zama. Ƙasashen da suka ci gaba ma sai da suka ji jiki. A garin Rochdale na Ingila, wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, ya rasu a Disamban 2020 saboda funfunar da danshi ya haifar a gidan haya na talakawa da iyayensa ke ciki. Daga baya aka yi doka da sunansa, wadda ta fara aiki a Oktoban 2025, ta ƙayyade wa masu irin waɗannan gidaje wa'adin dubawa da gyara. Bai kamata mu jira sai mun binne namu kafin mu rubuta shafi ɗaya ba.

Mu da muke riƙe da alƙalami muna da rawar takawa. Idan an raba gidaje a yankinmu, kada rubutunmu ya tsaya a ranar biki. Mu koma bayan ruwan sama na uku, mu tambayi mazauna da izininsu, mu rubuta ɗaki nawa ne ke yoyo da ɗaki nawa ne lafiya, mu yaba inda aka yi daidai. Mu kuma tambayi kansilolinmu a rubuce ko akwai takardar dubawa, kuma wa ya sa mata hannu.

Allah Ya dawwamar da zaman lafiya a Tsaskiya da Batsari da Safana da sauran yankunanmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Muna jiran ra'ayoyinku, musamman maginai da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu.