Ayaba Da Hunturu A Bugaje

Duk wanda ya dasa ayaba a Bugaje ya san ɓarnar hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska kan yayyage ganyenta, kuma da zarar sanyin dare ya yi ƙasa da digiri 14 sai girmanta ya tsaya cik. A Ingila, inda ake dasa ta don ado kurum, har naɗe ta suke yi da busasshiyar ciyawa. To, mu da ke bukatar 'ya'yanta fa? A kafa zana ta tare iska, a lulluɓe gindin da karan dawa. Ruwa ne babbar matsala, alhali ga madatsar Jibiya a kan kogin Gada. Ya kamata malaman gona su bar ofis su shiga karkara tun watan Nuwamba.