KARATUN FASTOCI MAI ZURFI DA ABIN DA YA SHAFI MAƘWABTA

Duk falken da ya saba bin hanyar Jos ya san Bukuru, garin da haƙar kuza ta raya. Amma ba kowa ya san cewa a gefen garin nan akwai wata makaranta wadda ta haura shekara 60 tana horon shugabannin addinin Kirista ba. Sunanta Kwalejin Tauhidi ta Nijeriya ta Arewa, an kuwa buɗe ta a 1959, watau shekarar da Jihar Arewa ta sami mulkin kanta. Shugabanta na fari wani Bature ne mai suna Dokta Harry Boer. A cikin Jos kuma akwai irinta ta ɗariƙar ECWA wadda aka kafa a 1980, ga kuma ta 'yan Katolika mai sunan Waliyyi Agustin. Daga waɗannan gidaje da 'yan'uwansu ake yaye mutanen da ke hawa mumbarin majami'u ran Lahadi, tun daga Filato har Adamawa, har sabon garin Kano.

Malamin zaure ko mai rumfa a kasuwa ya iya tambaya, ina ruwan wannan shafi da karatun fastoci? Ruwansa shi ne, mutumin da ya saurari wa'azi ran Lahadi shi ne zai zo sayen atamfa ran Litinin, shi ne direban da zai ɗauko doya daga Binuwai, shi ne maƙwabcin da ake shan rijiya ɗaya da shi. Abin da aka zuba masa a kunne da shi zai shigo kasuwa. Saboda haka zurfin ilmin mai wa'azi, ko rashinsa, ba ya tsayawa a ƙofar majami'a.

Asalin al'amarin ƙarami ne. Sa'ad da Turawan Mishan na SUM suka sauka Wase a 1904, su ke wa'azi, su ke shugabanci, ɗan ƙasa kuwa tafinta ne ko mai ɗaukar kaya. Daga baya aka buɗe makarantun koyon Littafi Mai Tsarki a wurare kamar Kagoro da Gindiri, ana karatu da Hausa, gama an gama fassara littafin duka cikin Hausa aka buga a 1932. Ɗalibin wancan zamani manomi ne, yakan zo da matarsa da 'ya'yansa, ya yi noma ya yi karatu, sa'an nan a aika shi ƙauye a matsayin mai bishara. Sai a 1938 aka naɗa fastoci uku na fari a wannan mishan a ƙasar Filato, su ne Toma Tok Bot da Bali Falang da Dawuda Lot. Da ikkilisiyoyin suka haɗa kai a 1955 cikin tarayyar da yanzu ake kira TEKAN, suka ga Bature mai tafiya ne, jama'arsu kuma 'yan boko na ƙaruwa cikinta, sai suka tabbata karatun ƙauye ba zai isa ba. Wannan shi ya haifi makarantar Bukuru. Musulmin Arewa sun riga sun bi irin wannan hanya, domin makarantar koyon shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, wadda ta zama Makarantar Ilmin Larabci a 1947, ita ma an kafa ta ne don alƙalai da malamai su sami karatu mai tsari da jarrabawa.

Kafa ta bai rasa gardama ba. Makaranta ce ta haɗin gwiwa, ɗariƙu dabam dabam a aji ɗaya, waɗansu kuwa suka ji tsoron a gauraya musu aƙida. Ikkilisiyar Tibi ta ƙare da buɗe tata a Mkar a 1971. Wanda ya san yadda almajiran shehi biyu kan ja da juna ba zai yi mamaki ba.

To, mene ne ake karantawa a mataki na sama? Wanda ya riga ya riƙe digiri na fari, ko da a fannin lissafi ne ko aikin gona, yakan shiga karatun digiri na biyu na aikin fasto, wanda bisa al'ada shekara 3 ne. Tsarin daga Amurka ya fito, inda aka buɗe makaranta irin wannan a Andover a 1808, ta Princeton ta biyo a 1812. Abu na fari da ke karya wa ɗalibi gwiwa shi ne harshe. Attaura da Zabura da littattafan annabawa da Ibrananci aka rubuta su, Linjila da wasiƙun manzanni kuwa da Helenanci, watau harshen Yunanawa. Dole ya koyi nahawun biyun nan har ya iya buɗe nassi ya warware shi da kansa. Malamai ba sa bukatar a yi musu bayanin dalili, sun san bambancin wanda ya ratsa nahawu da sarfu da wanda ya dogara ga tarjama. Ibrananci ma ɗan'uwan Larabci ne, daga dama ake rubuta shi, kalmominsa kuma galibi a kan saiwa mai baƙi uku su ke. Bayan harshe sai tafsiri, da aƙida, da tarihin ikkilisiya, da dabarun wa'azi, da yadda ake sulhunta miji da mata, da yadda ake riƙon kuɗin baiko. Ana tura ɗalibi ya yi aiki a ƙarƙashin wani tsohon fasto, a ƙarshe ya rubuta kundi ya kare shi gaban malamansa. Takardar ba ita ce naɗi ba. Ikkilisiyarsa ce za ta gwada shi, sa'an nan dattawa su ɗibiya masa hannu. Na Katolika nasu ya fi tsawo, gama sukan fara da falsafa kafin tauhidi, abin ya kai shekara 8 ko fiye, tsarin kuwa ya samo tushe daga dokar da majalisar Trent ta yi a 1563. Sunan da suke kiran makarantar da shi a Latin ma'anarsa wurin da mai lambu ke yafa iri ya rene shi kafin dashe.

Arewa ta taɓa fid da mutum wanda ya kai ƙarshen wannan tsani tun da wuri. Byang Kato, mutumin Kwoi, an haife shi a 1936, ya yi karatu a Igbaja da London, ya zama babban sakataren ECWA a 1967, ya sami digirin dokta a Dallas ta Amurka a 1974. Kiran da ya dinga yi shi ne Afirka ta gina manyan makarantun tauhidi nata, kada ta dogara ga aika 'ya'yanta ƙetare. Ruwa ya ci shi a gaɓar Mombasa a 1975 yana da shekara 39, bai ga yawancin abin da ya nema ba. Shekara guda bayan rasuwarsa aka kafa hukumar ACTEA mai auna ingancin irin waɗannan makarantu a Afirka.

Ra'ayin wannan shafi shi ne karatun nan alheri ne, ga masu shi da maƙwabtansu. Mai ilmi ya san inda saninsa ya tsaya, ya san akwai saɓanin malamai, ba ya saurin yanke hukunci a kan abin da bai karanta ba. Amma akwai gyara, ba kuwa ƙarami ba.

Babban abin dubawa shi ne yadda ake koyar da Musulunci a cikin azuzuwan. Manyan makarantun suna da darasi a kansa, wannan ya yi kyau, tun 1959 ma ikkilisiyoyin Afirka suka kafa wani shiri na nazarin Musulunci wanda daga baya aka sa masa suna PROCMURA. Sai dai tambaya ita ce, daga bakin wa ɗalibi ke ji? In daga littafin mai jayayya kaɗai ya koya, zai fita da makami, ba zai fita da sani ba. Jos cike ta ke da malamai masu Larabci da boko, tsakaninsu da Bukuru kuwa tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Babu abin da zai hana a gayyato ɗaya ya zauna gaban aji ya faɗi abin da Musulmi ya gaskata da bakinsa, a tambaye shi ya amsa. Haka kuma ya wajaba a kan makarantun Musulmi masu koyar da kwatanta addinai, kada a ce nauyin na gefe ɗaya ne. Wanda ya ga wannan ƙaramin abu ne ya tuna da watan Maris na 1987. Rikicin Kafanchan a wurin wa'azi ya faro cikin kwalejin horon malamai, bisa maganar da wani ya yi game da littafin waɗansu, cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Waɗanda suka yi hasarar rai da dukiya yawancinsu ba su ji ko kalma ɗaya ta wa'azin ba.

Sai maganar harshe. Karatun sama duk da Turanci ake yinsa, alhali dubban majami'un karkara da Hausa su ke sujada. Akan sami mai digiri biyu wanda ya iya rubuta kundi mai shafi ɗari, amma ya kasa bayyana wa tsohuwa a ƙauye abin da ya rubuta. Ga shi kuma ya ci bashi ko ya sayar da gona kafin ya gama, ikkilisiyar ƙauye ba ta iya biyansa, sai ya nemi birni. Ƙauyen da ya fi bukatar mai hankali sa'ad da saniya ta shiga gona, shi ake bar wa wanda karatunsa ya fi ƙaranci.

Akwai kuma masu sayar da takarda, waɗanda kan kama ɗaki biyu su rataya allo, bayan 'yan watanni su kira mutum Dokta. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa takan fid da sunayen makarantun da ba ta yarda da su ba, amma allo ba shi da wuyar sakewa. 'Yan kasuwa sun san abin da jabun kaya ke yi wa mai na ƙwarai. Makarantun da ke da alaƙa da jami'a, kamar yadda ta Bukuru ke da ita da Jami'ar Jos, su ya kamata su fi kowa ɗaga murya. Shugabannin ɗariƙu kuma, tun da naɗi a hannunsu ya ke, suna da ikon su ƙi ɗibiya hannu a kan kowa sai sun ga wurin wanda ya yi karatu, da shekara nawa ya yi, da wanda ya jarraba shi.