Aradu Ba Alƙali Ba Ce

Duk al'ummar da ta zauna ƙarƙashin hadari sai da ta ba tsawa ma'ana. Girkawan dā sun kasa al'amarin gida uku: hasken suna ce masa astrape, ƙarar kuma bronte, abin da ke faɗowa ya yi ɓarna kuwa keraunos. Haka Bahaushe ya kasa nasa: walƙiya, da tsawa ko cida, da aradu ko kwarankwatsa. A cikin Sabon Alkawari, littafin Kirista da aka rubuta da Girkanci, kalmar bronte ta zo sau 12, 10 daga ciki a Wahayin Yahaya, inda take nuni ga ikon Ubangiji da hukuncinsa. Kalmarmu ta aradu kuwa daga Larabci muka aro ta, kuma sura ta 13 a Alƙur'ani mai girma, wato Suratur Ra'ad, ta sanar da mu cewa tsawa tana tasbihi ga Mahaliccinta.

Wannan girmamawa ba ta da aibi. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda muka mai da aradu alƙali. Da yake Bahaushe yakan rantse da ita, duk wanda ta faɗa wa sai a shiga raɗe-raɗi, ko sata ya yi, ko rantsuwar ƙarya. Akan kuma ce kada a taɓa shi sai an zuba nono. Ra'ayina shi ne wannan camfi yana jawo asarar rayuka, kuma lokaci ya yi da za mu bar shi.

Mai karatu, aradu lantarki ce da ke taruwa cikin gajimare, kamar yadda gwajin Benjamin Franklin na Amurka ya nuna a 1752. Idan ta ratsa iska takan zafafa ta zuwa kimanin digiri 30,000 a ma'aunin Salshiyos, iskar ta buɗe farat ɗaya, wannan ƙara ita ce tsawa. Shi kuma dutsen nan mai santsi da ake tsinta a gona ana ce masa gatarin aradu, makami ne da mutanen zamanin dutse suka wasa da hannunsu. Turawa ma sun daɗe cikin wannan kuskure kafin masanansu su gane.

Galibi aradu takan sauka ne a kan abin da ya fi tsayi a wuri. A ƙasar Ɗambatta da Makoɗa da Bichi, inda gona ke manne da gona a shimfiɗaɗɗen fili, abin da ya fi tsayi shi ne ɗorawa ko tsamiya ko darbejiya, sai kuma manomin da ke tsaye. Idan hadari ya taso daga gabas da yamma, gindin itacen nan ne kowa ke rugawa, manya da yara masu kiwo, alhali nan ne haɗarin ya fi yawa.

To, mene ne abin yi? Idan ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙoƙi har ka ji tsawa. Kowace daƙiƙa 3 kilomita 1 ke nan. In ba su kai 30 ba, ajiye fartanya ka nemi ginannen ɗaki ko mota. Wanda aradu ta buga kuwa, babu sauran lantarki a jikinsa. Sau da yawa zuciya ce ke tsayawa, saboda haka a yi ta danna ƙirjinsa, a hura masa numfashi, a garzaya da shi asibiti. Alƙaluman Amurka sun nuna kusan 9 cikin 10 na waɗanda ta buga suna rayuwa. Mintocin da za a ɓata wajen neman nono a ruga, su ne na ceton rai.

Ya kamata ƙananan hukumomi su kafa ƙarfen kare aradu a makarantu da masallatai da kasuwanni, limamai da malaman gona kuma su faɗakar da jama'a tun kafin damina. Sanin sababi ba ya rage imani da ƙaddara. Hukunci na Allah ne, namu shi ne taimakon ɗan'uwa. Allah ya kiyashe mu, amin.